Makullin cocin da ke tsakiyar fadama

Asabar ɗin da ta wuce ba ni da aiki, sai wata dattijuwa da muke sujada tare a Ashford, wani gari a kudancin Ingila, ta ce in shirya, za ta zaga da ni tsofaffin coci-cocin yankinsu. Mama nake ce mata, tun tana hana ni har ta saba. Muka nufi kudu zuwa Romney Marsh, wata shimfiɗaɗɗiyar fadama a gaɓar tekun Kent, inda babu abin da ido ke gani sai ciyawa da magudanan ruwa da tumaki.

A Fairfield ta tsayar da mota bakin hanya, ta nuna mini wani ɗan gini can shi kaɗai a tsakiyar makiyaya. Cocin St Thomas Becket ke nan. Ƙauyen da ya gina shi ya watse tuntuni, ko gida ɗaya babu a gindinsa. Na ce, "Mama, wa zai buɗe mana?" Ta aike ni wani gida da ke kusa, inda ake ajiye makulli don baƙi. Ƙaton makulli ne na ƙarfe, ya cika mini tafin hannu. Ba wanda ya tambaye ni sunana ko daga ina nake. Ka ɗauka, ka buɗe, ka gama ka mayar. Wannan amana ta taɓa ni ƙwarai, domin a gida yanzu sai an laluba jikinka kafin ka shiga sujada ranar Lahadi.

Muka bi ta cikin tumaki muka isa. Ciki shiru, sai ƙanshin tsohon katako. Wuraren zama an kewaye su da katako fari kamar akwatuna, kowanne da 'yar ƙofarsa, mumbarin kuma hawa uku. Mama ta ce da can in damina ta cika fadamar, da kwalekwale ake zuwa, sai a 1913 aka yi hanyar da muka taka. Na zauna na yi addu'a, zuciyata kuwa ta tafi Wusasa, cocin St Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929, inda aka yi mini baftisma. Namu bai cika shekara ɗari ba, kuma har yau cike yake da mutane. Wannan ya haura shekara ɗari bakwai da kafuwa, jama'arsa sun tafi, amma akwai masu share shi suna gyara rufinsa. Ban ga dalilin da zai sa mu riƙa rushe ginin ƙasa mu aza bulo don kawai ya tsufa ba.

Brookland ba nisa. Can hasumiyar ƙararrawa a ƙasa take zaune gefen coci, ta katako, mai kusurwa takwas, kamar an kifa manyan malafa uku kan juna. Ƙasar fadama ba za ta ɗauki nauyinta a saman gini ba. Kwanon baftismarsu na darma ne, an zana aikin kowane wata a jikinsa: ga mai yankan ciyawa, ga mai sussuka. Manomin Zariya zai gane su ba tare da an yi masa bayani ba.

A New Romney sai ka sauka matakala kafin ka shiga cocin St Nicholas. Guguwar 1287 ce ta cika garin da laka da tsakuwa har titi ya fi ƙofar tsayi, kogin Rother ya sauya hanya zuwa Rye, tashar jiragen ruwan ta mutu. Yanzu teku ta ja baya fiye da mil guda.

Abincin rana ne bai yi mini daɗi ba. Kifi ɗaya da soyayyen dankali kusan fam goma sha biyar, babu ko yaji. Mama ta rantse ita za ta biya, wai baƙo ba ya zaro kuɗi, maganar da na sha ji a bakin kakata.

Mun leƙa Lydd, mai dogon cocin da bam ya faɗa wa a 1940 aka sake gyarawa. Iskar Dungeness ta hana mu daɗewa bakin ruwa. Kafin duhu muna Ashford.