Bin Sawun Ɗalibai Daga Gurbi Zuwa Kammalawa

Da muka fara bin diddigin 'yan karkara da 'yan mata a wata jami'ar tarayya a Arewa, jeri uku muka nema: waɗanda JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, ta ba gurbi ta manhajarta ta CAPS, waɗanda suka biya kuɗi suka yi rajista, da sakamakon da majalisar jami'a ta amince da shi kowane zango. Lambar JAMB muka riƙa haɗa su da ita, domin suna ba ya riƙo: yaro ɗaya Muhammad ne a nan, Mohammed a can.

Tsarin ɗaukar ɗalibai ya ware kashi 45 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a boko. Amma takardar shaidar asali ba ta nuna talauci. Ɗan babban ma'aikaci da ya tashi a Abuja da ɗan manomin da bai taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, duk 'yan Jigawa ne a takarda. Shi ya sa muka ƙara tambaya biyu: wace sakandare ya yi, kuma iyayensa ina suka tsaya a karatu.

Nemo wanda ya ɓace daga jerin shi ne aikin. Lambar wayar da ke kan fom sau da yawa ta mai shagon da ya cike masa ce. Sai an bi ta wakilin aji ko ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarsu. Idan mace ce, mace muke turawa, bayan an nemi izinin mahaifi ko miji, kuma ba ma rubuta suna.

Kada a zuba kowa a rukunin "ya bar karatu". Wanda aka kora saboda maki daban, wadda ta ɗage zango don haihuwa daban, wanda ya koma kwalejin ilimi kusa da gida daban. Waɗanda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU na wata takwas a 2022 ya rutsa da su ma a ware su, don wasu kasuwa ko aure ya riƙe.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda suka samu gurbi amma kuɗin karɓar gurbi da na rajista da na masauki suka gagara. Ba su da lambar ɗalibi, don haka babu ofishin da ke ƙirga su.