Rajistar masu shiga kwamfuta, da abin da nake dubawa a cikinta

Duk lokacin da na shiga sabar da nake kula da ita, ba na taɓa komai sai na fara rubuta umarnin last. Nan take Linux ke jero mini waɗanda suka shiga na'urar, na baya-bayan nan a sama: sunan mai amfani, ƙofar da ya bi, adireshin IP ɗin da ya fito, lokacin shigarsa da na fitarsa, da tsawon zaman da ya yi. Idan na ga tty1, na san mutumin yana zaune ne gaban na'urar, amma pts/0 galibi alama ce ta wanda ya shigo daga nesa ta SSH, hanyar shiga na'ura ta hanyar sadarwa cikin tsaro.

Bayanan suna ajiye ne a /var/log/wtmp, fayil ɗin da ba rubutu ne zalla ba, shi ya sa wanda ya buɗe shi kai tsaye ba zai ga komai ba sai tarkacen haruffa. Umarnin who kuwa yana duba wani fayil mai suna utmp ne, ya nuna waɗanda ke ciki a yanzu.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne lastb, mai karanta /var/log/btmp, inda ake rubuta yunƙurin shiga da bai yi nasara ba. Ranar da na fara gwada shi, layuka suka yi ta zubowa kamar ba za su ƙare ba, da sunayen da aka gwada irin su root, admin, test, daƙiƙoƙi kaɗan tsakanin wani da wani, daga adiresoshin da ban taɓa gani ba. A ranar na rufe shiga da kalmar sirri, na koma amfani da makullin SSH kaɗai. Akwai dalilin da ya sa sai mai ikon root, wato cikakken iko a kan na'urar, ke iya karanta wannan fayil, domin mutum kan yi kuskure ya rubuta kalmar sirrinsa a gurbin suna, ita kuma ta zauna a wurin a fili.

A Windows ana samun makamancin wannan a Event Viewer, inda lamba 4624 ke nufin an shiga, 4625 kuma an gwada an kasa.

Sai dai ban ɗauki rajistar a matsayin shaidar da ba ta ƙarya ba, tun da duk wanda ya ƙwace ikon root zai iya goge sawunsa. Don haka nake duba layin ƙarshe na abin da last ke nunawa, wanda ke faɗin ranar da fayil ɗin wtmp ya fara. Idan ranar ta zo kusa fiye da yadda nake tsammani, sai in duba ko logrotate, manhajar da ke ajiye tsofaffin rajista a gefe, ce ta juya tsohon zuwa wtmp.1, in karanta shi da last -f kafin in fara zargin kowa.

Tsarin ma ya tsufa, domin yana ajiye lokaci a bit 32, wanda zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038. Debian 13, wani nau'in Linux, ta riga ta ajiye tsohon last, ta koma wtmpdb da ya maye gurbinsa, kuma shi nake koya wa hannuna yanzu.