Yini guda a ruwan Tiga: shirin da ake yi tun daga gida

Mu mutanen birnin Kano 'yan tudu ne. Yawancinmu ruwan da muka sani bai wuce kududdufin unguwa ba, shi ya sa in aka ce za a je Tiga shan iska, hankali kan tafi ga shinkafa da kaji da lasifika, batun jirgi kuwa a ce sai an je can. Na sha jagorantar irin wannan fita, ta dangi da ta abokan aiki, kuma kusan duk matsalar da na taɓa gani a kan ruwa, tun a gaɓa aka ƙulla ta.

An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano. In ta cika, faɗin ruwanta yakan kai murabba'in kilomita 178. Daga nan ake sakar wa manoman rani na Kadawa ruwa, ga kuma rana tana shan nata, don haka tun daga ƙarshen damina ruwan yake ta janyewa har sai wata daminar ta kankama. Inda jirgi ya wuce lami lafiya a Oktoba, a Afrilu sai a tarar da dutse ko kututturen itace kwance ƙasa da kamu ɗaya daga saman ruwa. Sanin da ka yi wa wurin bara ba zai fisshe ka bana ba.

Ni kaka na fi zaɓa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa a cike yake, hadari ya ɗauke, hunturu bai yi ƙarfi ba. A Disamba da Janairu iska tana kaɗa ruwan, hazo yana ɓoye gaɓa, kuma sanyin ruwan yana saurin kashe wa wanda ya faɗa jiki. Maris da Afrilu zafi ne mai haura digiri 40. Daga Mayu zuwa Satumba kuwa hadari daga gabas yake tasowa, iskarsa tana riga ruwan sama isowa, ba ta ba mutum lokacin da zai kai gaɓa. Da ka ga gabas ta yi baƙi, a juya, ko da yanzu aka tashi.

Kwana biyu ko uku kafin ranar nakan je da kaina ko in tura wanda na yarda da shi. A nemi izini wurin masu kula da madatsar, wadda ke hannun Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, a ji inda aka hana shiga. Kusa da ganuwar madatsar da ƙofofin sakin ruwa ba wurin yawo ba ne, domin ruwan wurin yana ja. Sai a gaida Sarkin Ruwa ko dattijon masunta, shi zai haɗa ka da mai jirgin kirki. Tambayar da nake yi ita ce: "Baba, ranar da iska ta taso, mutum nawa kake yarda ka ɗauka?" In ka tambayi mutum nawa jirgin yake ci, lissafin ranar kasuwa za a ba ka. Abin da ya faɗa kuma nakan rage biyu. In an gama zama, ina so in ga aƙalla kamu ɗaya da rabi tsakanin bakin jirgi da ruwa. Mu goma sha takwas ne, jirgi na takwas ne? Sawu uku za a yi, a biya kuɗin sawu uku. Ba mu manta da abin da ya faru a madatsar Watari ta Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda jirgin da aka cika wa lodi ya kife, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya.

Rigar ruwa, wadda wasu ke kira laif jaket, kada a dogara da cewa za a samu a can. A tanada daga Kano, kowa da tasa daidai jikinsa. Ga yadda nake gwada ta yaro: in ɗaure masa, in kama kafaɗun rigar in ɗaga. In ta haye har kunnuwansa, ta yi masa yawa, a cikin ruwa zamewa zai yi ta ƙasa ya bar ta tana yawo. Ta yara tana buƙatar igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ma ta hana hawa jirgi ba riga, ta hana tafiyar dare. Babbar riga a bar ta a mota. Mata su sa wando a ƙarƙashin zane da hijabi madaidaici, a ɗaura rigar ruwan a kansa, kuma mai dogon hijabi kada ta zauna kusa da inji, farfela tana iya kama bakinsa. Goyo kam ba na yarda a shiga jirgi da shi. Uwa da jaririnta su zauna a inuwa.

Injin da ake ɗaura wa irin waɗannan jirage yawanci mai haɗin fetur da baƙin mai ne, ƙarfin doki 15 ko 40. Haɗin da aka saba shi ne rabin lita na mansa na musamman cikin lita 25 ta fetur. In man ya gaza inji ya ƙone, in ya yi yawa fulogi ya daskare da baƙi ya ƙi tashi. Ƙaramin injin yana shan wajen lita 7 a awa in an ba shi wuta sosai, babban kuwa kusan 20. Feturin nakan saya a gidan mai a Kano, saboda na bumburutu wani lokaci da ruwa a ciki, kuma sai an yi nisa yake nuna halinsa. Kashi uku nake raba shi: ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi.

Da an tayar da inji, ka leƙa bayansa. Akwai siririn ruwa da yake tsartowa daga jikinsa, alamar cewa ruwan sanyaya shi yana zagayawa. In ya tsaya, a kashe nan take. Sau da yawa leda ce ko ciyawa ta toshe ƙofar da yake zuƙo ruwa. Rannan muna tsakiyar tafiya jirgin ya yi wata girgiza, ƙarar inji ta shaƙe. Mai jirgin ya kashe, ya ɗago ƙafar injin, sai ga zaren ragar masunta ya naɗe gindin farfela kamar kitso. Minti ashirin ya yi yana yanka da wuƙa, iska tana tura mu a hankali wajen duwatsu, mutum biyu suna tare jirgin da filafili. Tun daga nan ba na tashi sai na ga filafili biyu, wuƙa, fulogi na ajiya da sifanarsa, robar kwarfe ruwa, igiya mai tsawon mita 20, da jarka mai lita 25 wadda ba komai a cikinta, an toshe bakinta tam. Goruna da robobin da ke yawo a saman ruwa alamar raga ce, a kewaye su, abincin wani ne.

Jarkar nan ita ce ta ceto. In wani ya faɗa, a ɗaura mata igiya a jefa masa, a kashe inji kafin a matso kusa da shi. Kada kowa ya yi tsalle ya bi shi, domin mai nutsewa yana danne duk wanda ya kamo. Kuma kada a ruga gefe ɗaya don kallo, da haka jirgi yake kifewa. Wannan nakan faɗa wa kowa tun a gaɓa, tare da cewa ba mai miƙewa tsaye don ɗaukar hoto. Mai nutsewa ba ya iya ihu, don haka in yara suna wasa a bakin ruwa, nakan ware babba ɗaya wanda ba shi da aiki sai kallonsu, wayarsa a aljihu, a canja shi bayan kowane rabin awa.

Mukan bar gari da ƙarfe 6:30 bayan Asuba, mu bi hanyar Zariya mu wuce Kura, mu karkata ta Bagauda. Kafin 9 jirgin farko ya tashi, lokacin ruwa yana kwance. Da Azahar kowa ya fito, a yi salla a ci abinci, La'asar ta same mu muna naɗe tabarmi. A bar wa wani a gida lambar mai jirgin da lokacin dawowa, wayoyi kuma a ƙulle su cikin leda. Ruwan sha lita 3 ga kowane babba, lokacin zafi 4. Jakar fiya wata ɗaya lita 10 ce, wato ta mutum uku ke nan. Iskar kan ruwa tana ɓoye wa mutum ƙishi, sai ciwon kai da jiri su bayyana. Nakan tafi da ƙullin ORS, wato garin ruwan gishiri da sukari, in babu, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa.

Sai tsargiya, wadda mutane ba sa kawowa a rai saboda ba a ranar take bayyana ba. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi da ke zama a ruwa marar zurfi mai ciyawa da kacala, daidai inda iyaye suke ganin ya fi aminci yara su yi wasa, kuma ta fata take shiga. Fitsarin jini sai bayan makonni ko watanni. A nemi gaɓa mai dutse ko yashi, a guji mai ciyawa, alwala kuma a yi da ruwan da aka zo da shi. Wanda ya shiga ruwan ya sa ido, in ya ga jini a ƙarshen fitsari ko zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ya je asibiti ya ce ya shiga ruwan dam, a gwada fitsarin. Maganinta praziquantel ne, kuma da nauyin jiki ake auna shi, don haka ba na saye a kemis da ka ba ne.