Gina manhaja da wutar sola a ƙasar Ringim

Ranar Talatar makon jiya na bar kwamfuta tana gina Firefox na tafi sallar la'asar. Ina dawowa na tarar aikin ya mutu. Awa uku da ɗoriya sun tafi a banza, ga batirin shago ya zuƙe, abin ya ci mini rai ƙwarai.

Gentoo, wani nau'in tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta, nake amfani da ita a wata tsohuwar kwamfutar ThinkPad mai RAM giga 8, a shagona na cajin waya da buga takardu. Gentoo ba kamar Ubuntu ba ce da ake sauko da manhaja a dafe. Portage, mai kula da manhajojinta, ɗanyen kaya yake kawo maka, kwamfutarka ce za ta yi girkin idan ka ba da umarnin emerge. Ƙananan manhajoji minti biyu sun nuna. Manya irin su GCC, LLVM da Rust kuwa, waɗanda da su ake gina sauran manhajoji, sai ka ware wuni.

Da na duba dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin da Linux ya rubuta, sai na ga abin da ya faru: RAM ta cika, Linux ya kashe aikin don kada kwamfutar ta sandare. Ashe na sa -j8 a saitin gini mai suna MAKEOPTS, wato ayyuka takwas a lokaci guda, alhali jagorar Gentoo ta ce a ware wa kowane aiki giga 2. Na mayar da shi -j3.

Yanzu ba na tashi in bar gini babu ido a kansa. A taga ɗaya ina buga genlop -c. Shi yana karanta /var/log/emerge.log, ya gaya mini abin da ake ginawa, tsawon lokacin da aka ci, da ƙiyasin abin da ya rage bisa ginin da na taɓa yi a baya. Idan karon farko ne ba shi da abin kwatantawa, sai haƙuri. A ɗaya tagar htop ne, mai nuna nauyin da ke kan kwamfutar. Layin RAM nake fara kallo, sannan na swap, wato wurin da kwamfuta ke aro a faifai idan RAM ta cika, domin da zarar swap ya soma hawa, komai zai koma tafiyar hawainiya. Sai umarnin sensors na ganin zafin furosesa, wanda a bazara, ƙarƙashin rufin kwano, shi ya fi tayar mini da hankali. Bulo biyu nake ɗora kwamfutar a kai don iska ta ratsa ƙasanta, in juyo mata da fanka.

Abu na huɗu ba a cikin kwamfutar yake ba. Ɗan allon inbata ne da ke jikin bango. Shi ya sa nake fara babban gini da hantsi, lokacin da rana ta kama farantan sola sosai. In ranar kasuwa ce wayoyi suka yi yawa, sai in danna Ctrl da Z in dakatar da ginin, in aka sarara in buga fg ya ɗora daga inda ya tsaya.

Kawuna, mai noman rani a fadama, ya leƙo jiya ya ce, "Kai ɗan nan, me kake ta kallo a baƙin allon nan tun safe?" Na ce, "Kawu, kamar injin ban ruwanku ne, in an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa zafi yake yi ya mutu." Ya gyaɗa kai ya ce to a riƙa taɓa jikinsa ana ji.

Tun Disambar 2023 Gentoo take ba da manhajoji da yawa a dafe, kuma bayan asarar ranar Talata na karɓi firefox-bin da rust-bin, wato dafaffun Firefox da Rust, ba tare da wani ja-in-ja ba, don wutar da zan ƙona a kansu ta masu caji ce. Sauran dai ina ginawa da kaina. Yanzu haka GCC ke kan wuta, genlop ya ce saura minti hamsin, kuma rana ba ta sauka daga kan farantan ba tukuna.