Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Ranar Da Kawu Ya Naɗe Tabarmarsa

A makon jiya na tsaya a inda aka yi mini baftisma a rafin bayan ƙauyenmu, a ƙasar Malumfashi, cikin kakar 1985. Yau zan ba ku labarin da har gobe in na tuna shi sai gabana ya faɗi.

Bayan baftisma wani irin zafin himma ya kama ni. Shekaruna ashirin da biyu, ji nake kamar in tara dukan Maguzawan yankinmu in juye musu bishara a rana ɗaya. Na shiga ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa a ikilisiyarmu ta ECWA. Tun shekarun 1960 wannan ƙungiya take koyar da cewa shaidar Almasihu ba aikin fasto kaɗai ba ne, manomi da mai tuyar ƙosai kowa ya buɗe baki. Biyu-biyu ake fita, bayan an yi addu'a tare.

Ni kuwa ban jira abokin tafiya ba. Na nufi gidan kawuna, wan mahaifiyata, wanda yake riƙe da tsafin gidansu, shi ke yi wa Uwar Gona yanka kafin a yi shuka. Na tarar da shi a gindin tsamiya yana sassaƙa ƙotar fartanya. Ban durƙusa ba, ban tambayi iyali ba. Na buɗe Littafi Mai Tsarki na ce masa iskokin da yake bauta wa ba za su cece shi ba, in bai tuba ba wuta zai shiga. A gaban 'ya'yansa na faɗa, da murya sama.

Ya ajiye gizago, ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Ɗan ƙanwata, a wuyan nan na ɗauke ka zuwa asibiti da ƙyanda ta kama ka. Shi Allahn naka bai koya maka gaisuwa ba ne?" Ya naɗe tabarmarsa ya shige gida. Wata takwas bai amsa mini sallama ba, mahaifiyata kuwa ta sha kuka a ɓoye.

Mai bisharar ƙauyenmu tsoho ne, Baba muke ce masa. Littafinsa tsohuwar fassarar nan ce ta 1932, wadda su Likita Miller, Baturen mishan, suka yi wa aiki, bangon ya ɓalle har ya ɗinke shi da fata. Da na kai masa ƙara cewa kawu ya ƙi gaskiya, sai ya ce, "Ɗana, da ka ambaci wuta, hawaye ne a idonka ko kuwa daɗin ka kayar da shi kake ji?" Na rasa amsa. Ya buɗe Bitrus ta fari, sura 3 aya 15, inda aka ce mu zauna da shirin amsa wa duk wanda ya tambaye mu dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi. Ya ɗora yatsa a wurin ya ce, "Kada ka rufe baki. Amma ka bari ya ga abin da zai sa ya tambaya."

Da damina ta kankama sai kurkunu ya kwantar da kawu. Yaran yanzu ba su san wannan ciwo ba, tun 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi. A zamaninmu daga ruwan kududdufi ake shan sa, sai bayan kusan shekara tsutsar ta fasa fata, galibi a ƙafa, daidai lokacin da gona take neman mai ita. Ciyawa ta rufe dawar kawu.

Baba ya kira gayya. Mu goma sha ɗaya muka shiga gonar da asuba, ya kuma gargaɗe mu cewa yau fartanya ce za ta yi magana. Da muka tashi na je ɗakin kawu, na durƙusa har ƙasa na ce, "Kawu, na yi maka rashin kunya, ka yafe mini. Abin da na gaskata ban fasa ba, amma ba haka ɗa yake yi wa uba magana ba." Ya juya fuska bango. Bai kore ni ba dai.

Daga ranar, kullum da yamma ni ke wanke masa gyambon da ruwan ɗumi, in naɗe tsutsar a ɗan tsinke a hankali. Ba a jan ta da ƙarfi, in ta tsinke a ciki ƙafar kumbura take yi. Wata rana ɗan guntu kaɗai za ta fito, sai a ɗaure a dawo gobe.

A mako na uku, ina cikin naɗewa, ya lura babu laya a damtsena. Ya ce, "Kai yanzu ba ka tsoron iskokin? Da dare kake wucewa ta gindin kukar nan."

Zuciyata ta buga, amma na amsa masa kai tsaye. Na ce, "Kawu, da ina tsoro, kai shaida ne. Amma Yesu ya mutu domin zunubina, ya tashi daga matattu, babu iskar da ta fi ƙarfinsa. Tun da na ba shi raina nake barci lafiya. Ina so kai ma ka sami wannan barcin." Muryata na rawa, wannan karon kuwa da hawaye.

Ya yi shiru har fitila ta fara lumshewa. Can ya ce, "Ɗaure ƙafar. Gobe ka zo da wuri."

Bai karɓi Almasihu a daminar nan ba, ko wadda ta biyo baya. Amma ran da ya fara taka ƙafar, shi da kansa ya aiko a kira Baba, wai yana da tambaya a kan matattu. A mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, zan faɗa muku yadda zaman nan nasu ya kasance.