Ranar da na rataya a jikin dutsen New River

Ana gama ɗaura mini igiya a ɗamarar ƙugu sai na ji yawun bakina ya ƙafe. Mai koyar da mu, wata 'yar gajeriyar mata mai hannu kamar na maƙeri, ta kama ƙullin ta juya shi, ta bi shi da yatsa tana ƙirga igiyar bibbiyu. Ƙulli ne mai siffar lamba 8, kuma ba mai ɗaga ƙafa daga ƙasa sai wani ya duba masa nasa, ko da ya shekara ashirin yana hawan dutse. A raina na ce tsirfa ce kawai.

Kwazazzabon New River yana jihar West Virginia ta Amurka, dab da garin Fayetteville. Sunan kogin na nufin sabo, alhali yana cikin kogunan da suka fi tsufa a duniya. A ƙarshen 2020 aka mai da wurin gandun shaƙatawa na ƙasa na 63 a Amurka. Da sassafe muka ratsa gadar ƙarfen da aka gama a 1977, mai tsayin mita 267 daga ruwa, amma hazo ya cika ramin taf, ko kogin ban gani ba.

Hanyoyin hawa a wurin sun haura 1,400, kowacce da sunanta da lambar wahalarta, wadda ke hawa daidai da ƙaruwar wuya. Yawancinsu daga 5.9 suke zuwa sama, wato ba na 'yan koyo ba ne. Ni 5.6 aka ba ni, na ma ɗan ji haushi, ina ganin an raina ni. Dutsen na yashi ne amma ya daskare ya yi tauri, ga tsagogi a kwance inda yatsu ke shiga.

Mita biyar na farko na haye su da ƙarfin tuwo. Na rungume dutsen kamar za a ƙwace mini shi, ina jan jikina da hannu zalla. Kafin mita goma damatsana sun kumbura sun yi tam, yatsuna suka ƙi damƙuwa, ƙafar dama ta hau rawa kamar mazari. Na tsoma hannu a jakar allin da ke busar da gumin hannu har sau uku, kamar a can ƙarfin yake.

"Bar laluben sama," in ji ta daga ƙasa. "Dubi ƙafarka. Ga wurin takawa nan daidai gwiwarka."

Na duba. Wani ɗan tudu ne da bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ban yarda da shi ba, na sake miƙa hannu sama, sai kawai na suɓuce.

Faɗuwar ba ta kai taku ɗaya ba. Igiyar ta ɗan miƙe ta riƙe ni, na yi ta lilo ina salati. Ƙullin nan da na raina na fara kallo. Da numfashina ya dawo, na ɗora ɗan yatsan ƙafa a kan tudun, na miƙe a kansa kamar mai hawa tsani, robar takalmin ta kama gam. Ashe matsewar takalmin da nake ta ƙorafi a kai tun safe amfaninta ke nan. Daga nan na koyi sakin hannu a miƙe, nauyi a ƙafa, ƙugu kusa da dutse.

A sama hazo ya washe. Ungulaye na shawagi ƙasa da inda nake, jirgin ƙasa mai jan kwal na bin gaɓar kogin, kwale-kwalen roba kuwa kamar ƙwayar wake a cikin kumfar ruwa.

Saukowa ta fi ba ni wuya. Sai ka saki dutsen gaba ɗaya, ka jingina da iska, ka bar ranka a hannun mai riƙe maka igiya a ƙasa, wanda ka sani jiya-jiya. Na fi minti biyu ina cewa "to, bari dai" kafin na saki.

Sauran abubuwan a jikina na koye su. Zobe a cire shi, farce a yanke. Ba a taka igiya, don yashi na shiga cikinta ya ci ta a hankali. Na taka sau ɗaya, kallon da aka yi mini ya ishe ni. In tsakuwa ta ɓalle kuwa, ihu ake yi wa na ƙasa, su ma hular kwanon ba ta barin kansu.

Da daddare na kasa murɗe murfin gorar ruwa, sai da aka buɗe mini. Washegari abokan tafiya suka ce mu sauka matakala 821 zuwa tsohuwar mahaƙar kwal ta Kaymoor. Na ce su gaishe ta.