Mun dawo gida, Alhamdulillahi

Jiya da la'asar aka sallame mu daga asibiti, inda ciwon fuka ya kwantar da ɗana Auta. Auta ya kwana a kan katifarsa, ni kuma na yi barcin da rabona da shi tun daren da hazon nan ya rufe Damagaram. Kuna tare da mu tun farko, ba sai na maimaita ba. Masu kira ban ɗauka ba, ku yi mini aikin gafara, hannuna ne ke rawa.

Abin da ya ƙi barin idona shi ne daren farko, wajen ƙarfe uku. Ƙirjinsa na kuka kamar 'yar kyanwa, fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ya buɗe baki zai ce "Mama" numfashi bai kai ba. Ga famfon Ventoline, maganin fuka na shaƙa, a hannuna, amma ya kasa shaƙa daidai. Sai malamar jinyar da ke gadi ta ɗauko robar ruwa ta rabin lita, ta huda gindinta, ta cusa famfon, ta sa masa bakin robar a baki. Ta durƙusa tana ƙirga masa numfashi, ɗaya hannunta riƙe da nawa. Ban ko san sunanta ba. Baiwar Allah, in wannan saƙo ya iske ki, Allah shi sanyaya miki rai duniya da lahira, shi raya miki naki.

Kun san Auta da jiki. Tun yana goye ake ce mini na cika shi da ci, har a bakin gadon asibiti sai da aka faɗa. Rana ta uku na kasa daurewa, na ce, "Likita, ni na jawo masa?" Ga layi na jiransa, amma bawan Allahn nan ya jawo kujera ya zauna. Ya ce kitsen jiki ba ajiya ba ce kawai, yana sakin sinadarai masu kai saƙo ta cikin jini. Akwai leptin, wanda aka gano a Amurka a 1994: yana ƙaruwa in kitse ya ƙaru, yana shaida wa ƙwaƙwalwa cewa jiki na da tanadi, yana kuma iya rura kumburi. Akwai adifonektin, wanda galibi kwantar da kumburi yake yi, shi kuwa raguwa yake in ƙiba ta yi yawa. Fuka kuma, in ji shi, kumburin hanyoyin numfashi ce. Yadda jikin kowane yaro ke sarrafa sinadaran nan akwai hannun gado a ciki, shi ya sa masu bincike ke bin sawun 'yan bambance-bambancen ƙwayoyin gadonsu a jikin yara masu fuka. Yara biyu su ci akushi ɗaya, jikinsu bai karɓa iri ɗaya ba. Ga kuma ƙurar hunturu, ga hayaƙin itace, ga mura, duk suna iya tayar da fukar.

Da ya tambaye ni ko akwai mai fuka a dangi, sai Baba ya faɗo mini a rai, Allah shi jiƙan shi, yadda yake kwana a zaune duk lokacin sanyi. Nan na fashe da kuka. Likita ya jira na gama, sannan ya ce a rage wa Auta lemun kwalba, a bar shi ya buga ƙwallo da 'yan uwansa, kada a yi wasa da maganin kullum ko da ya ji sauƙi. Ya ce a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya mutum miliyan 262 ke da fuka a 2019, in daina ɗora wa kaina. Shekara bakwai ina ɗauke da wannan nauyi, shi ya sauke mini.

Na san an ce alheri ba a yi masa shela, amma sai na faɗa. Maƙwabcinmu mai adaidaita, ka fito ko takalmi babu, ka ƙi karɓar ko dala. Gwaggo ta Birni, kwana shida kunu bai yanke ba. Kawu na Mirya, kai ka biya takardar maganin farko ba ka bari na ga kuɗin ba. Matan layinmu na Sabon Gari, na dawo na tarar kun yayyafa ruwa kun share ɗaki, kun fitar da murhu can bayan gida. Allah shi biya ku da gidan Aljanna, shi tsare muku 'ya'yanku, kada shi nuna muku dare irin wancan, shi ba marasa lafiyar da muka baro can sauƙi, shi jiƙan iyayenmu. Amin summa amin.

Akwai waɗanda gidansu da asibitin tafiyar ƙafa ce. Sau biyu Auta na tambayata ko sun zo yana barci, na rasa amsar da zan ba shi. Na bar wannan a nan.

Masu son zuwa barka, ƙofa a buɗe take bayan la'asar. Roƙona ɗaya, don Allah a bar turaren wuta da taba a gida, ƙirjinsa bai gama warwarewa ba.